Manhajojin auna zafin gida: yadda lissafin kwamfuta ya zama hukunci a kan 'yan haya da masu gidaje

A ranar 1 ga Janairun 2026, gidaje kimanin 850,000 a ƙasar Faransa suka fita daga jerin gidajen da hukuma ke yi wa kallon masu ɓarnar makamashi, bisa ƙiyasin gwamnatin ƙasar. Babu maginin da ya taɓa bangonsu, babu wanda ya sauya musu taga ko rufi. Lamba ɗaya aka sauya a cikin lissafin da manhajar tantance gidaje ke bi: 2.3 ta koma 1.9.

Sauyin ba ƙarami ba ne ga mazauna gidajen. Tun watan Agustan 2022 dokar Faransa ta hana ƙara kuɗin haya a gidan da ya faɗa aji biyu na ƙarshe, wato F da G, waɗanda Faransawa ke yi wa laƙabi da "rariyar zafi". Daga Janairun 2025 an haramta ƙulla sabuwar haya a gidan da ke ajin G, kuma haramcin zai kai ga ajin F a 2028. Gidan da ya haura aji a kan takarda ya kuɓuta daga waɗannan takunkumai. Mai gidan ya samu sarari, ɗan hayan kuma ya ci gaba da kwana a ɗakin da sanyinsa bai ragu ba.

Manhajojin da ke lissafa yadda zafi ke fita daga gida sun fara ne a matsayin kayan aikin injiniyoyi. A yau, a ƙasashen Turai da dama, abin da suka fitar shi ke nuna gidan da za a iya ba da haya, da wanda zai samu tallafin gwamnati, da girman na'urar ɗumama gida da za a sayar wa iyali. Saboda haka tambayar yadda suke aiki, da inda suke kuskure, da wanda ke da ikon taɓa lambobin cikinsu, ta zama tambayar siyasa.

Abin da manhajar ke lissafawa

Zafi yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi, kuma ba ya tsayawa sai wuraren biyu sun daidaita. A ƙasar sanyi, gida kamar tulu ne mai yoyo: ana zuba masa ɗumi da gas ko lantarki, yana tsiyayewa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce jikin ginin, wato bango, rufi, daɓe, tagogi da ƙofofi. Ta biyu ita ce iska, domin duk iska mai ɗumi da ta sulale ta wata kafa, mai sanyi ce ke shigowa a madadinta.

Lissafin hanya ta farko lambobi uku yake buƙata: faɗin bangon, bambancin zafi tsakanin ciki da waje, da kuma abin da ake kira ma'aunin U. Wannan ma'auni yana nuna wat nawa na zafi ke ratsa kowace murabba'in mita idan bambancin ciki da waje digiri ɗaya ne. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yadda bangon ke riƙe zafi. Tsohon bangon jan bulo wanda ba a sa masa makarin zafi ba yana kusa da 2. Taga mai gilashi falle ɗaya tana kusa da 5. Bangon da aka lulluɓe da makarin zafi mai kauri kan sauko zuwa 0.3 ko ƙasa da haka.

A ɗauki gidan da bangonsa na waje ya kai murabba'in mita 100, ma'auninsa 2, ciki digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, waje kuma sifiri. Idan aka ninka lambobin uku, za a ga bangon yana zubar da wat 4,000 a kowane lokaci. Idan aka sauko da ma'aunin zuwa 0.3, asarar ta koma wat 600. Ta ɓangaren iska kuwa, gida mai faɗin ciki mita 250 na kubik wanda iskarsa ke sauyawa gaba ɗaya sau ɗaya a awa yana asarar kimanin wat 1,650 a wannan yanayi. Idan sauyin iskar rabin haka ne, asarar ta koma kimanin 825.

Daga nan manhajar ta cire ɗumin da gida ke samu kyauta, kamar hasken rana ta taga, zafin jikin mutane, girki da fitilu. Sai ta haɗa sauran da bayanan yanayin garin na shekara guda, ta fitar da yawan makamashin da ake buƙata, a ma'aunin kilowat-awa, wato abin da masu mitar kati a Nijeriya ke kira yunit.

Lissafin kansa bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Wahalar tana cikin lambobin da ake zuba masa, domin akasarinsu ba a auna su a gidan ba, ƙiyasta su aka yi.

Manhajoji iri uku

Kafin shekarun 1970, ƙasashen Yamma ba su damu sosai da wannan lissafi ba saboda arhar mai. Tashin farashin mai na 1973 ne ya sa gwamnatoci suka fara zuba kuɗi a binciken makamashin gine-gine, kuma daga wannan bincike manhajojin yau suka samo asali. Ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko shi ne na masu zana gini. Fitacciya a cikinsu ita ce EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001 bayan haɗe ƙarfin wasu tsofaffin manhajoji biyu, BLAST da DOE-2. Kyauta ce, kuma rubutun umarninta a buɗe yake ga kowa. Tana bin gini awa bayan awa cikin awoyi 8,760 na shekara, tana lura da juyawar rana, da inuwa, da yadda bango ke shan zafi ya sake shi daga baya. Akwai kuma PHPP ta Jamus, wadda aka fara fitarwa a 1998 a kan shafukan Excel. Cibiyar da masanin kimiyyar lissafin halitta Wolfgang Feist ya kafa a birnin Darmstadt ce ta samar da ita, domin zana gidajen da ba sa buƙatar fiye da kilowat-awa 15 na ɗumamawa a kowace murabba'in mita a shekara. Gidan farko na wannan tsari an kammala shi a unguwar Kranichstein ta Darmstadt a 1991, kuma awon da aka yi masa shekara da shekaru ya nuna bai wuce wannan iyaka ba.

Kashi na biyu shi ne na masu girka na'urorin ɗumama gida. Aikinsu amsa tambaya ɗaya ce: a rana mafi sanyi, wat nawa kowane ɗaki ke buƙata? A zamanin tukunyar gas ba a cika damuwa da amsar ba, domin ana sa tukunya mai ƙarfin kilowat 24 ko 30 a gidan da sau da yawa buƙatarsa ba ta kai kilowat 10 ba. Famfon zafi, wanda ke aiki kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya, yana janyo ɗumi daga iskar waje zuwa ciki, bai yarda da wannan sakaci ba. Idan ya yi ƙanƙanta, gida ba zai ɗumama ba. Idan ya yi girma, an kashe kuɗin banza, kuma zai riƙa kunnuwa yana mutuwa, ingancinsa ya ragu. Shi ya sa a Birtaniya, inda gwamnati ke ba da tallafin fam 7,500 ga masu girka shi a Ingila da Wales tun Oktoban 2023, ƙa'idar masu sana'ar ta wajabta lissafin asarar zafi ɗaki bayan ɗaki kafin a fara aiki.

Kashi na uku shi ne na hukuma, kuma shi ne ya fi shafar talaka. Manufarsa jera gidaje a kan ma'auni ɗaya domin a kwatanta su. A Faransa sunan tsarin 3CL, a Birtaniya kuma SAP.

Yadda lamba ta zama doka a Birtaniya

Cibiyar binciken gine-gine ta BRE ce ta tsara SAP, aka wallafa shi a 1993. A 2005 aka fitar da taƙaitaccen nau'insa, RdSAP, domin tsofaffin gidajen da ba a da zanensu. Bayan umarnin da Tarayyar Turai ta bayar a 2002 kan makamashin gine-gine, Ingila da Wales suka fara amfani da takardar shaidar makamashi, EPC, a 2007. Duk gidan da za a sayar ko a ba da haya sai da ita, kuma tana aiki na shekara 10.

Mai tantancewa yakan zo gidan, ya auna ɗakuna, ya duba tagogi da tukunya, ya leƙa cikin rufi idan da hali, sannan ya shigar da bayanan a manhaja. Manhajar ta ba gidan maki daga 1 zuwa 100, ta sa shi a aji. Ajin A yana farawa daga maki 92, ajin C daga 69 zuwa 80, ajin E daga 39 zuwa 54, ajin G kuma daga 1 zuwa 20.

Da farko takardar bayani ce kawai ga mai saye. Daga Afrilun 2018 ta samu haƙora: aka hana ƙulla sabuwar haya a gidan da bai kai ajin E ba, kuma daga Afrilun 2020 dokar ta shafi duk gidajen haya masu zaman kansu, sai waɗanda aka yi wa rangwame. An kuma iyakance abin da za a tilasta wa mai gida ya kashe a fam 3,500. Gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta yi niyyar ɗaga matakin zuwa ajin C, amma Firaminista Rishi Sunak ya soke shirin a Satumban 2023. Da jam'iyyar Labour ta hau mulki a 2024, ministan makamashi Ed Miliband ya dawo da shi, ya sa 2030 a matsayin wa'adi.

Ma'anar wannan ita ce bambancin maki 68 da 69 na iya zama bambancin dubban fam ga mai gida. Ga ɗan haya kuwa, ciki har da ɗalibai da ma'aikatan jinya 'yan Afirka da ke neman ɗaki a Landan ko Manchester, harafin da ke kan takardar shi ne kusan abu ɗaya tilo da zai ba shi hasken kuɗin ɗumama gidan kafin ya sa hannu. Nauyin harafin ya ƙaru bayan mamayar da Rasha ta yi wa Yukren, lokacin da kuɗin makamashin matsakaicin gida a Birtaniya ya tashi daga fam 1,277 a shekara a Oktoban 2021 zuwa fam 2,500 a Oktoban 2022, kuma ko wannan sai da gwamnati ta sa hannu ta tare farashin.

Inda lissafi da gida suka raba hanya

Matsala ta farko ita ce mai tantancewa ba ya fasa bango. Yana duba shekarun gidan da irin gininsa, manhajar kuma ta ɗauko ma'aunin U daga wani jadawali da aka riga aka tanada. Shekaru da dama jadawalin ya ba tsohon bangon jan bulo lamba 2.1. Da aka je aka liƙa na'urorin awo a bangon gidaje na gaske, sai aka ga ba sa zubar da zafi har haka, kuma a 2017 aka sauke lambar zuwa 1.7. A gidan misalin da aka kawo a sama, bambancin ya kai wat 800. Kafin gyaran, manhajar tana nuna miliyoyin tsofaffin gidaje sun fi yadda suke muni, tana kuma kambama ribar da za a samu idan an lulluɓe bangonsu.

Matsala ta biyu ita ce hannun da ke shigar da bayani. A wani gwaji da gwamnatin Birtaniya ta wallafa a 2014, an tura masu tantancewa daban-daban zuwa gidaje 29 ba tare da sun san ana gwada su ba. A kusan kashi biyu cikin uku na gidajen, sakamakon bai tsaya a aji ɗaya ba. Wani abin lura kuma shi ne mai gida ko dillalinsa ne ke ɗaukar mai tantancewa ya biya shi, ba ɗan hayan da zai biya kuɗin gas ba.

Matsala ta uku ita ce mutanen da ke cikin gidan lissafi ba su ne ke cikin gidan gaske ba. Domin a iya kwatanta gidaje, tsarin SAP na 2012 yana ɗauka cewa ana ɗumama falo zuwa digiri 21, sauran ɗakuna kuma wajen 18, na tsawon awa 9 a ranakun aiki da awa 16 a ƙarshen mako. Iyalin da ba su da hali ba sa yin haka. Ɗaki ɗaya suke ɗumamawa, su ƙara riguna, su kashe tukunya da wuri. A 2012, masu bincike biyu na Jami'ar Cambridge, Minna Sunikka-Blank da Ray Galvin, sun duba bayanan gidaje 3,400 a Jamus, suka gano cewa mazaunansu na amfani da makamashin ɗumamawa ƙasa da abin da aka lissafa da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma gibin ya fi faɗi a gidajen da suka fi lalacewa. A 2023, masu bincike na kwalejin UCL da ke Landan sun kwatanta takardun EPC da bayanan mitocin zamani a gidaje sama da 1,300. Sun ga ainihin abin da ake amfani da shi ya gaza hasashen da kashi 8 cikin 100 a ajin C, gibin kuma ya kai kashi 48 a ajin F da G. Gibin bai ɓace ba har a gidajen da mazaunansu ke ɗumamawa kamar yadda manhajar ta zata, abin da ke nuna cewa wani ɓangare na kuskuren daga cikin lissafin kansa yake.

Wannan yana da tasiri a kan aljihu. Ba za a iya tsimin makamashin da tun farko ba a kashe shi ba. Idan an yi wa iyali alkawarin ragin kuɗin gas bisa hasashen da ya zarce abin da suke ƙonawa, ragin ba zai zo cikakke ba. Abin da sukan samu shi ne gida mai ɗumi a kan kusan kuɗin da suka saba biya. Wannan riba ce ta gaske ga lafiyarsu, amma ba za ta biya bashin da aka ci don gyaran ba.

Matsala ta huɗu ta juya ne ta ɗaya ɓangaren, kuma sababbin gidaje ta fi shafa. Manhaja tana lissafa gidan da ke kan zane, magini kuma yana gina wanda hannunsa ya iya. A wani rukunin gidaje da ke Stamford Brook, kusa da Manchester, masu bincike daga wata jami'ar birnin Leeds sun ɗumama gidaje babu kowa a ciki, suka auna zafin da ke fita. Sun tarar ya zarce na zane da nisa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne bangon da ya raba gida da na maƙwabci, wanda lissafin hukuma ya ba shi sifiri bisa tunanin cewa ɓangarorinsa biyu duk da ɗumi. Ashe ramin da ke tsakiyar bangon yana aiki kamar bututun hayaƙi, yana kwashe ɗumi zuwa rufi. A 2010 aka gyara dokokin gini domin a riƙa lissafa wannan asara.

Siyasar da ke cikin lambobi

Wasu lambobin manhajar ba a auna su da na'ura, zaɓar su ake yi. Lambar Faransa da aka fara da ita misali ce. Tana nuna yunit nawa na makamashin asali za a ɗora wa kowane yunit na lantarki, saboda asarar da ake yi a tashar samar da wuta. Gas ana lissafa shi ɗaya bisa ɗaya. Da lambar tana 2.3, gidan da ke ɗumamawa da lantarki yana shan kaye a kan takarda, alhali akasarin lantarkin Faransa daga nukiliya yake, mai ƙarancin hayaƙin kabon. Wannan ita ce hujjar gwamnatin François Bayrou da ta sanar da sauyin a Yulin 2025. Masu suka kuwa sun ce kuɗin wutar da ɗan haya ke biya bai ragu da ko sisi ba, kuma an sauke wa masu gidaje nauyin gyara. Ba wannan ne karon farko ba. A Satumban 2021 an dakatar da ba da takardar ga gidajen da aka gina kafin 1975 saboda sakamakon da sabon lissafin ke fitarwa ya kauce wa hankali, sai a Nuwamba aka ci gaba. A Yulin 2024 kuma an gyara lissafin ƙananan gidajen da ba su wuce murabba'in mita 40 ba, kimanin 140,000 suka fita daga aji biyu na ƙarshe.

A Birtaniya ma haka abin yake. Makin da ke kan EPC an gina shi ne a kan kuɗin makamashi, ba a kan yawan zafin da gida ke zubarwa ba. Tun da yunit ɗin lantarki ya ninka na gas tsada kusan sau huɗu, mai gidan da ya cire tukunyar gas ya sa famfon zafi, kamar yadda gwamnati ke roƙonsa, zai iya ganin makinsa bai motsa ba, ko ma ya sauka. Kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan sauyin yanayi ya nemi a sake fasalin takardar a 2023. Haka kuma SAP na 2012 ya ci gaba da ɗora wa kowane yunit na lantarki kilo 0.519 na hayaƙin kabon shekaru bayan an rufe akasarin tashoshin kwal. Sai a Yunin 2022 sabon tsarin ya fara aiki ga sababbin gidaje a Ingila, da lamba 0.136. A tsawon wannan jinkiri, lissafin hukuma yana fifita gas a gidajen da za su rayu shekaru da yawa.

Akwai kuma abin da makin ba ya gani sam, wato ingancin aiki. A Oktoban 2025, ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya bayyana cewa kashi 98 cikin 100 na gidajen da aka lulluɓe bangonsu ta waje a ƙarƙashin shirye-shiryen tallafi biyu na gwamnati suna buƙatar gyara, saboda kurakuran da kan jawo danshi da fumfuna. Gidajen sun haura 22,000. A manhaja kuwa kowannensu ya samu ƙarin maki.

Gyaran da ake yi

A Disamban 2023 gwamnatin Birtaniya ta gabatar da sabuwar manhajar da za ta gaji SAP, mai suna Home Energy Model. Ta bambanta da tsohuwar ta fuskoki biyu. SAP wata-wata yake lissafi, sabuwar kuwa kowane rabin awa, wanda ya fi dacewa da famfon zafi, farantin sola, batir, da farashin wutar da ke sauyawa cikin yini. Sannan an wallafa rubutun umarninta a fili, ta yadda ɗalibi, ɗan jarida ko ƙungiyar 'yan haya za su iya bin lissafin su ga abin da aka zata da abin da aka zaɓa.

Hanya ta biyu ita ce awo, domin gani ya kori ji. Ana ɗaura babbar fanka a ƙofar gida a zuƙe iska a ga yawan yoyonsa, maimakon a ɗauko lamba daga jadawali. Ana kuma haɗa bayanan mita na wasu makonnin hunturu da zafin ciki da na waje, a fitar da ainihin asarar zafin gidan. Awo ya fi tsada, kuma yana da nasa kurakurai, amma shi kaɗai ke iya ƙaryata manhaja. Tsarin Jamus na PHPP ya samu amincewa ne saboda ba a ba gida shaida sai an gwada yoyon iskarsa bayan an gama gini.

Abin da ya shafi Nijeriya

A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, lissafin bai sauya ba, alkiblar zafin ce ta juya: daga waje yake shigowa, mafi yawa ta rufin kwano da tagogin da ke kallon rana. Tun da hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, kowane wat da rufi ya shigar ya zama kuɗi ga mai na'urar sanyaya ɗaki, ga wanda ba shi da ita kuma ya zama daren da ba barci.

Nijeriya tana da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ma'aikatar lantarki, ayyuka da gidaje ta ƙaddamar a 2017 a zamanin minista Babatunde Fashola. Ta tanadi iyaka ga faɗin tagogi idan ba a yi musu inuwa ba, ta kuma nemi a sa makarin zafi a rufi. Amincewa da zanen gini kuwa aikin hukumomin jihohi ne, irin su KNUPDA a Kano, don haka ƙa'idar ba ta da ƙarfi sai inda jiha ta ɗauke ta. Akwai kuma manhajar EDGE ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wadda ake amfani da ita kyauta a intanet, kuma take ba da shaida ga ginin da lissafi ya nuna zai rage makamashi da ruwa da kashi 20 cikin 100.

Darasin Turai ya shafi duk jihar da za ta bi wannan hanya. Manhajar da ke zaton akwai wuta dare da rana za ta amsa tambayar kuɗin sanyaya ɗaki, alhali tambayar mafi yawan gidaje ita ce zafin ɗaki da ƙarfe uku na rana bayan an ɗauke wuta. Lissafin wata-wata ba ya nuna yadda kaurin bangon ƙasa da rufin soro ke shanye zafin rana su jinkirta shigarsa, sai manhajar da ke bin gini awa bayan awa. Idan jadawalin da aka aro bai san tubali da azara ba, zai iya hukunta ginin gargajiya ya wanke bulon siminti da kwano, kuma bankuna da hukumomi su bi hukuncin.

Ranar da irin wannan takarda ta fara tasiri a kan izinin gini, bashin banki ko kuɗin haya, tambayoyi huɗu ne za su nuna ko ta cancanci amincewa: wa ya shigar da bayanan kuma wa ya biya shi, waɗanne lambobi aka auna waɗanne aka ƙiyasta, wa ke da ikon sauya lambobin da aka zaɓa, sannan ko an koma gidan bayan an gama aiki an auna abin da ya faru.